Azurfar Baba Singi

Duk wanda ya taɓa kai injin ban ruwa gyara a Gaya ya san Gado Isma'il. Rumfarsa tana bayan tashar manyan motoci, kan hanyar da ke gangarawa bakin kogi, ƙarƙashin wata bishiyar dogon-yaro da baƙin mai ya rine gindinta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, kuma yanzu furfura ta ci rabin gemunsa. Ni maƙwabcinsa ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, wurin ƴan mishan tun zamanin da ake tsoma alƙalami cikin tawada, na koyar da yara har na ajiye alli, shi ya sa ake ce mini Mushe Yakuba, don haka ake kiran malamin lakwal a nan. Tun da na bar aiki, a rumfar Gado nake shan hantsi, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ba a iya ba da labarin Gado ba tare da an ƙetare kogi zuwa Malanbil ba, garin da ke tsallaken iyakar ƙasa, domin can ne ya zama mutum. Yana saurayi dako yake yi a kan gada. Wata rana ya ɗauko wa wani Ba'indiye kaya, mutumin ya ga yadda ya sauke su a hankali ba tare da ya buga da ƙasa ba, sai ya ce ya dawo gobe. Sunan mutumin Jagtar Singh, amma bakinmu ya mai da shi Singi, da ya manyanta aka ƙara masa Baba. Injinan ban ruwa da na casar shinkafa yake sayarwa, yana kuma gyara su. Yana da rawani ɗaure tsaf da gemu har ƙirji, har farkon zuwansa matan kasuwa suka riƙa durƙusa masa suna neman addu'a, sun ɗauka sharifi ne. Shi kuwa ba Musulmi ba ne, ba Kirista ba. Ya ce Sik ake ce wa mutanensu, Allah ɗaya suke bauta wa, ba sa aske gashi, ba sa shan taba. Matarsa ta rasu a ƙasarsu ba su haihu ba, bai sake aure ba. A hannunsa Gado ya koyi sana'a, kuma shi ya ba shi kayan aikin da ya buɗe rumfarsa da su a wannan gaɓar.

Baba Singi yana da wani akwatin katako mai aljihuna sirara, kowane an shimfiɗa masa koren ƙyalle. A cikin ƙyallen an fafe gurabe, kowane gurbi da ƙwandalarsa: tsohuwar dalar azurfa ta Faransi, kwabon Ingila mai huji a tsaka, kuɗin ƙasarsu na zamanin sarakunan da suka shuɗe, da waɗansu da ban san ƙasarsu ba. Ran Lahadi da la'asar yake buɗe shi. Farkon ganin Gado dariya ya yi, ya ce kuɗin da ba ya sayen ko ƙosai mene ne amfaninsa? Kafin shekara ta zagayo cutar tara su ta kama shi shi ma. Duk ƙauyen da ya je gyara sai ya tambayi tsofaffi ko suna da kuɗin da aka daina karɓa. Yakan kawo su da murna, Baba Singi ya ɗaga ɗaya ya ga an huda ta don kitso, sai ya runtse ido kamar shi aka huda.

Dokarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita ta da Hausarsa mai tauri.

"Gado, ɗana, ba wanke, ba goge, ba huda. Baki-baki kake riƙe. Ka goge, ka kashe ta."

Nakan raka Gado wani lokaci. Mu taka gada da ƙafa, ƴan duwan masu binciken kaya a iyaka su ɗaga mana hannu don sun san mu, mu je mu sha shayin Baba Singi mai madara da citta. Wancan zamanin gadar ba ta fi zauren gida ba a wurinmu. Mutum ya karya kumallo a Gaya, ya ci abincin rana a Malanbil, ya dawo kafin magariba.

Sai ga shekarar da aka rufe gada. Aka gindaya manyan ƙarafa a tsakiyarta, manyan motoci suka yi layi har ido ya gaza, kowa ya koma ga kwalekwalen Sarkawa masunta. Ƙetarewa ta zama wahala da tsada, ga bincike a gaɓa biyu. Zuwan Gado na Lahadi ya ragu, ya koma sai wata-wata. A wannan shekarar ce kuma ƙafafun Baba Singi suka fara kumburi, numfashinsa ya riƙa yankewa. Yana da ɗan ƙane a birnin Kwatano, can bakin teku, da ya matsa masa ya rufe kanti ya koma can kusa da likita, tsohon yana ta ja masa rai.

Zuwanmu na ƙarshe tare, mun tarar da shi a kujera, ƙafafu a kan kwali, fuskarsa kuwa cike da annuri. Ya ce masu kula da wuraren ibadarsu a can gida sun buga sabuwar ƙwandala ta azurfa, don tunawa da wata ƙungiya da kakanninsu suka kafa shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Ya nuna ni da yatsa yana dariya.

"Mushe, laifin irinku ne. Yaranmu suka shiga lakwal na mishan, suka ce za su bar addini. Tsofaffi suka ji tsoro, suka taru, suka ce mu ma mu buɗe lakwal, mu koya wa yara rubutunmu."

Na ce ni dai na shiga na fito da sallata, ya ce to ni Allah ya tsare ni. Daga nan murya ta sauka. Ya ce kakansa a irin wannan makarantar ya koyi karatu, shi ne kuma ya zaunar da shi a cinya ya koya masa baƙaƙen farko. Ya jawo aljihun sama na akwatin ya nuna mana. Ya riga ya fafe sabon gurbi a tsakiyar ƙyallen, ya gyara bakinsa da almakashi, babu kome a ciki.

"Wannan ta shiga, akwati ya cika. Sai in tafi Kwatano."

Wani ɗan garinsu da ke aiki a Kano ne zai taho da ita daga Indiya. Baba Singi ya ce hanyar Kwatano hannuwa sun yi yawa, kuma ɗan ƙanensa yana ganin abin duk wauta ce. Sai aka shirya a ba Mutari, ɗan kasuwar da ke sayo wa Gado kayan inji daga Kano ta Kamba, shi kuma Gado ya ƙetare da ita da hannunsa.

Ranar da Mutari ya kawo ta ina rumfar. Gado ya wanke hannu da omo har sau biyu kafin ya kwance ƙullin. Tana cikin wani gida na roba mai kama da gilas, an liƙe shi ruf, ko iska ba ta shiga. Ban taɓa ganin ƙarfe mai haske irin nata ba, kamar wata a cikin ƙwaryar ruwa. Rubutunsu yana zagaye da ita, baƙaƙen suna rataye a jikin layi kamar shanya a igiya. Na ce ya kira tsohon ya yi masa albishir. Ya ce a'a, so yake ya ajiye ta a tafin hannunsa ba zato, ya ga fuskarsa. Zai jira ranar kasuwar Malanbil, lokacin da jama'a ke cika kwalekwale, masu bincike ba su da sukunin lalube aljihun kowa. Kafin nan yana da aikin injin niƙa a Karakara.

Inda ya ɓoye ta shi ne mafarin abin. A ɗakin matarsa Hawa akwai jeren kwanoni tun na aurenta, har kusa da rufi. Shekara da shekaru in Gado yana da abin da ba ya so a taɓa, cikin kwanon ƙasa yake sa shi, domin ba a sauke jeren sai da dalili. Ya naɗe ta a tsumma ya sa, bai gaya wa kowa ba, ya hau babur ya tafi Karakara.

Ya manta dalili yana cikin gidan. Ɗiyarsa ta fari, Hadiza, wadda ke aure a Tunuga, ta zo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji aka sa masa Idrisa, kuma ta kusa gama wankan jego za a mai da ita ɗakinta. Wanda bai san al'adarmu ba sai in gaya masa: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Tun da aka haifi Hadiza, Gado bai taɓa furta sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, da ta yi aure ta koma "ta Tunuga". In zai yi mata alheri, a ɓoye yake yi. Ya sayo zane ya bar shi a kan gadon uwarta, ya fita bai ce kome ba, Hawa ta gane.

Jaririn kuwa cibiyarsa ta fito, ta yi tsini kamar ƙwan zabo, in ya yi kuka sai ta ƙara kumbura. Matan nan suna da magani ɗaya ga wannan: a sami ƙwandala a ɗora a kai, a ɗaure da tsumma har cibiya ta kwanta. Suna cewa ta azurfa ta fi kowace.

Gado ya dawo daga Karakara jajibirin kasuwa, ya tarar an riga an raka Hadiza. Ina zaune da shi a tsakar gida yana cin tuwo, Hawa ta kawo ruwa ta durƙusa tana murmushi.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Ban ce kome ba gaban yarinya don kada in ba ka kunya, amma ta gane, har ta yi hawaye."

"Da na yi mi?"

"Kai dai! Yau kuma ni za a ɓoye wa? Mushe ai na gida ne. Ina sauke kwanoni in zaɓar mata na komawa, sai ga ta a ƙasa. Na ce oh, mutumen ga, ashe yana kallon cibiyar jikansa ta wutsiyar ido."

Gado ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Ina take?"

"Tana kan cibiyar Idrisa mana. Sai dai wanda ya sayar maka mugu ne, ya liƙe ta cikin roba kamar ba ya so a yi amfani da ita. Sai da na sa taɓarya. Kuma ka san abin da ya bi hannun mutane ba a ɗora wa jariri haka nan, na dirje ta da toka da lemun tsami, na shafa mata man kaɗe."

Ban taɓa ganin Gado ya ɗaga murya ga matarsa ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da fasassun robar a tafin hannu, ya tsaya yana kallonsu. Da ya gaya mata ko ta wane ce, Hawa ta dafe ƙirji ta yi salati.

"To kai mi ya hana ka buɗe baki? Shekara nawa kana ajiye wa yarinyar nan abu a ɗakina ba ka magana? Yau na zama mai duba, in san wanne nata, wanne na Ba'indiye?"

Gaskiya kuwa ta faɗa.

Kasuwa ta ci ta watse bai ƙetare ba. Ya ɗauko tsohuwar dalar azurfa daga cikin ƴan nasa da yake tarawa, ya ba Hawa ta kai Tunuga a musanya. Ta dawo da ita a ƙulle yadda ta tafi. Uwar mijin Hadiza, Inna Rakiya, ta ce maganin da aka fara da shi ba a sauya shi a tsakiya, in aka kwance kafin cibiya ta kwanta sai ta dawo ta fi da. Ta ƙara da cewa ita tun da take ba ta taɓa jin kakan da ya yi wa jariri kyauta ya aiko a kwance daga cikinsa ba, in wani laifi suka yi wa Malam Gado a fito a gaya musu.

Na ce wa Gado matan mishan masu ba da magani sun sha gaya mana ƙwandala ba ta yi wa cibiya kome, da kanta take kwanciya in yaro ya yi ƙwari. Ya dube ni da jajayen idanu.

"To Mushe, tashi ka je ka karanta wa Rakiya."

Ana cikin haka Baba Singi ya kira. Salular Gado, wayarsa ta hannu, ta lalace, ba a ji sai an buɗe murya, don haka na ji kome.

"Gado, ɗana, mutumen Kano ya ce ya ba Mutari tuni."

Gado ya dubi ƙasa.

"Baba, Mutari bai iso ba tukuna. Ka san hanya yanzu."

"Haka ne, hanya ba kyau. Ba kome. Ina jira."

Da ya kashe na ce masa, Gado, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka gaya masa abin da ya faru. Mutumin nan ya zauna da mu ya fi shekarun Hadiza, ya san halin matanmu, ƙila ma dariya zai yi.

"Ba ka san shi ba, Mushe. Abu ɗaya ya roƙe ni tun ina saurayi, kada a goge. Ya tsallake ɗan ƙanensa na jini ya ce ni. Da wane baki zan ce masa taɓarya da toka?"

"Da bakin da ka ce masa ba ta iso ba."

Ya koma kan injin da ke gabansa, yana ɗaure ƙusa ɗaya yana kwancewa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Gado ya rame, ya daina zama hira bayan sallar la'asar. Kullum sai ya sa Hawa ta kira Tunuga ta tambayi cibiya, kullum amsa ɗaya, tana nan yadda take. Har Kamba ya aika a tambayi wani maƙerin azurfa ko ana iya mai da hasken ƙwandalar da aka dirje, aka ce masa sai dai a ƙara cinye rubutun.

Kira na biyu muryar tsohon ta yi ƙasa sosai, yana magana yana hutawa. Ya ce ɗan ƙanensa zai zo ƙarshen mako da mota, wannan karon ba zai iya ƙi ba.

"In ba ta zo ba, ba kome. Kai ka zo, ɗana. In gan ka."

Na ce wa Gado ya ji, shi ake nema, ya shiga kwalekwale gobe da safe. Ya ce ba zai iya zama gaban mutumin nan hannu wofi ya sake yi masa ƙarya ido da ido ba. Tunda akwai sauran kwanaki kafin ƙarshen mako, zai je Tunuga da kansa ya karɓo ta ko a wane hali take, ya kai masa, ya faɗi gaskiya gaba ɗaya. Ya roƙe ni in raka shi, domin suruki ba ya zuwa gidan surukai da magana mai nauyi ba tare da dattijo ba.

Muka tafi bisa baburinsa, ta cikin gonakin shinkafa da suka fara ja. Aka yi mana shimfiɗa a gindin mangwaro a ƙofar gida. Mijin Hadiza yana kan ruwa wurin su, sai Inna Rakiya ta fito, doguwar mace mai kaifin harshe. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Na fara jero bayani a hankali yadda ya kamata, ta katse ni.

"Mushe, bar wahal da kanka. Mun ji. Azurfa ta fi jika tsada. Mu masunta ne, ba mu san darajar ƙarfe ba, sai ta mutum."

Gado ya ce a yi masa arziki a kira yarinyar. Rakiya ta yi shewa ta ce yau ga sabon salo. Hadiza ta fito da jariri a kafaɗa, ta durƙusa can nesa, ta juya fuska gefe kamar yadda ta saba yi gaban ubanta. Gado ya dube ta. Sannan ya ce:

"Hadiza."

Ta ɗago kai a firgice. Rakiya ta kama haɓa. Wata mata da ke daka a cikin gida ta tsai da taɓarya.

"Hadiza, abin da ke kan cibiyar yaron ga ba nawa ba ne. Da nawa ne, wallahi ko goma ne na bar masa. Na Baba Singi ne, wanda ya koya mini abin da na ciyar da ke da shi. Amana ce ya ba ni, ga shi ba shi da lafiya, kuma na yi masa ƙarya saboda ita. Ki taimake ni."

Ba ta dubi uwar mijinta ba. Ta kwantar da yaron a cinya, ta kwance tsumman, yaron ya canyara kuka, cibiyar ta miƙe tsaye kamar ba a taɓa ɗaure ta ba. Ta taso har gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa masa a hannu tana kuka. Rakiya ta ce in wani abu ya sami yaron an san wanda za a tambaya, ta shige gida ba sallama.

A hanya ya tsaya ya duba ta. Hasken ya tafi. Toka ta yi mata zane-zane kamar gindin tsohuwar tukunya, mai da zufa sun cike rubutun da baƙi, gefe ɗaya kuma ya ɗan lotsa inda taɓarya ta same ta. Duk da haka a baki-baki ya riƙe ta.

Mun iso Gaya rana ta yi ƙasa, masu kwalekwale sun ɗaure. Da sassafe muka shiga na farko, tsakanin buhunan albasa da wata akuya. Ruwa ya cika, gada tana can sama da mu babu kowa a kanta. Gado ya sa ƙwandalar cikin hularsa, ba wanda ya bincike shi.

Kantin a rufe yake da kwaɗo. Sumana, mutumin da ya daɗe yana yi wa Baba Singi girki, yana zaune a dakali, akwatin katakon nan a gefensa. Ya ce tsohon ya faɗi shekaranjiya, aka kira ɗan ƙanensa, ya taho bai jira ƙarshen mako ba. Jiya da azahar suka tafi. Na lissafa a raina, lokacin muna gindin mangwaron Rakiya.

"Tun safe ya sa na fito masa da kujera nan," in ji Sumana, "yana kallon hanyar bakin ruwa. Ɗan ƙanen nasa yana ta faɗa, rana tana yi, shi yana cewa a ɗan ƙara. Da za a ɗauke shi ya ce akwatin ga na Gado ne. Ya ce in ta iso ka sa ta a wurinta, ka san wurin."

Gado ya zauna a ƙasa. Ya kira lambar tsohon, ɗan ƙanen ya ɗauka, ya ce da Faransanci suna gidan likita a Kwatano, an sa masa abin numfashi, ba ya magana. Na roƙe shi ya kara masa salular a kunne. Gado ya riƙe tasa da hannu biyu.

"Baba, ni ne. Ta iso. Tun tuni ta iso, ni ne na ɓoye maka. An goge ta, Baba. Ga ta a hannuna."

Ba mu ji kome ba sai hucin na'ura. Ɗan ƙanen ya ce idanunsa a rufe suke, bai san ko ya ji ba. Kafin mako ya zagayo Baba Singi ya rasu. Aka ƙone gawarsa bisa al'adarsu, abin da ya daɗa tsaya wa Gado a rai, don ya ce ko kabarin da zai je ya tsaya a kai babu. Da ya tambayi ɗan ƙanen yadda za a yi da ƙwandalar, ya ce ya riƙe, shi ba ruwansa da tarkacen tsoho.

Akwatin yana ɗakin Gado yanzu. Ran Lahadi da la'asar yakan buɗe shi, ni kaɗai yake bari in zauna. Ya ƙara ƙwandala biyu ko uku tun daga lokacin, ya fafe musu gurabe a aljihun ƙasa. Gurbin tsakiya na aljihun sama yana nan wofi. Na tambaye shi sau ɗaya me ya sa, tunda mai shi ya ce a sa ta. Ya ce wadda Baba ya fafe wa gurbin ba ita ce wannan ba. Wani lokaci kuma cikin aiki, ba wanda ya tayar da zancen, sai ya ce, "Mushe, kana ganin ya ji?" Nakan ce Allah ne masani, don ban san abin da ya fi haka ba.

Inna Rakiya ba ta sake tako gidansa ba, ko da aka yi rasuwa a unguwa ta zo gaisuwa, ta wuce ƙofarsa. Hadiza takan zo, yana kiran sunanta yanzu, tunda abin da ya fita baki ba ya komawa, amma duk sa'ad da ya kira sai su biyun su dubi ƙasa. Cibiyar Idrisa ta kwanta da kanta bayan ya fara tafiya. Mata suka ce aikin azurfar Ba'indiye ne, ko da ba ta cika kwanakinta ba, labari ya bazu har ƙauyukan bakin kogi.

Shi ya sa ake zuwa aro. Farko ya ƙi, daga baya ya daina ƙi, ban san dalili ba, bai kuma faɗa ba. Makon jiya ina rumfar wata mata daga ƙasar Dandi ta zo da goyo, ta durƙusa ta ce an ce mata a nan ake samun azurfar cibiya. Gado ya goge hannu a tsumma, ya ciro ta daga aljihun gaba, ya miƙa mata yana riƙe da bakinta da yatsa biyu.

"In ta kwanta ki maido. Kada ki wanke ta, kada ki goge."

Matar ta juya ta a tafin hannu, ta ga zane-zanen da lotsawar, ta yi dariya.

"Baba, wannan kuma mi ya rage a goge?"

Gado ya bi ta da ido har ta sha kwanar tasha, sannan ya sunkuya ya ɗauki sufanarsa.